Kwalin masu gashi da kwalin masu tsumma: shagon Baba mai rediyo na bayan Kasuwar Dole

Ni dai rediyon Hajiya ne ya kai ni wurin, ya daina kama tasha sai shuuu kamar ana suyar ƙosai, aka ce in je bayan Kasuwar Dole in tambayi tsohon nan mai gyara, kowane ɗan kabu-kabu ya san shi. Shagon ba suna ba allo, ƙofar kwano ɗaya ce da benci a waje, ciki kuma gawarwakin rediyo da telebijin har sun kusa taɓa rufi. Rediyon ya gyaru, dala 200 ya karɓa, Hajiya na jin labarunta lafiya lau, wannan magana ta ƙare. Abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu shi ne kwalayen sabulu biyu da na hango ƙarƙashin teburinsa cike da kaset, na sunkuya na zaro ɗaya, na hure ƙura, sai ga rubutun hannu da bik mai shuɗi: Mötley Crüe, wata ƙungiyar makaɗan Amurka. A Damagaram fa. Sai da na sake dubawa.

Na ce Baba ina ka samo waɗannan? Ya ce "Mushe, na Anasara ne, wurin wani maigadi na saye su shekarar da suka kwashe kayansu." Yana nufin 'yan Corps de la Paix, Amurkawan nan masu aikin sa kai da suka yi ta zuwa Nijar tun 1962 har aka janye su a Janairun 2011. Kowane rukuni in zai koma gida sai ya bar littattafai da kaset ga masu zuwa, shi ya sa kwalayen suka zama kamar rijiya, na ƙasa tsofaffi na sama sababbi. Ni kaina da irin wannan hannu na san kiɗan. Muna kolej wata Ba'amurkiya ta koyar da mu Turanci, ita ta bar min kaset biyu da za ta tafi, na ji su har zaren ya tsinke, abokaina a fada suna cewa aljanu sun shige ni.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Baba ya raba su. Ba ya karanta boko sosai, Turanci kuwa ko a'a bai sani ba, hoto yake bi, yana warware 'yar takardar nan ta cikin gidan kaset ya duba fuskoki. Kwali ɗaya ya ce na "masu gashi" ne, ɗayan na "masu tsumma". Wallahi na yi dariya har da riƙe ciki, don masu rubuce-rubuce kan kiɗa a Amurka sun ɓata takardu ba iyaka kan wannan rabo, ga tsoho a bayan kasuwa ya yi shi da ido kawai. Su can na farkon heya metal suke ce masa, wato kiɗan ƙarfe na masu gashi, kuma da ma sunan zolaya ne. Na biyun giranj, suna rubuta shi grunge, ma'anarsa dauɗa. To ka ga Baba bai yi nisa da su ba.

Ya zaro min wani na ƙungiyar Poison na 1986, fuskoki huɗu a bango, jan baki, kwalli, hoda, gashi ya tashi sama kamar an busa auduga, ya ce ya fi shekara yana ajiye shi a kife don kada idonsa ya riƙa faɗawa kan matan mutane. Na ce Baba ai maza ne. Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallo, ya ce "a'uzubillahi", ya sake kife shi.

Su waɗannan masu gashin cibiyarsu Los Anjelis ce, wani titi da ake kira Sunset Strip mai gidajen rawa irin su Whisky a Go Go da Roxy. Abin ya fara kankama ne a 1983 da faifan Quiet Riot ya hau na ɗaya a jerin Billboard, mujallar da ke jera faifan da suka fi ciniki a Amurka, sannan ga MTV, tashar telebijin ta waƙoƙi da aka buɗe a 1981, tana neman abin da zai cika ido dare da rana, su kuma ga gashi ga wandon roba mai matse jiki ga wuta na tashi a dandamali, faɗuwa ta zo daidai da zama. Daga 1986 zuwa 1989 kasuwar tasu ce, Bon Jovi da Def Leppard kowannensu ya sayar da faifai ɗaya sama da miliyan 10 a Amurka kaɗai. Waƙoƙin kuwa ba su wuce mata, giya, mota, babur, casu har asuba, sai mai gita ya fito gaba ya yi ta gudu da yatsu kamar ana kora shi. Ba raini nake ba, sun iya hannu ƙwarai, kuma akwai amshin da in ya shiga kanka sai ka yini da shi kana wanke babur.

Na zauna a bencin Baba ina juya kaset ɗaya bayan ɗaya ina duba shekarun da aka buga a baya, yana ta hura gawayin shayi. Kwalin gashi: 1984, 1986, 1987, 1988 da yawa, 1989 da yawa, 1990, 'yan ƙalilan na 1991, ɗaya ko biyu na 1992, shi ke nan ɗif. Kwalin tsumma: ɗaya na 1989, sauran duk daga 1991 zuwa 1994. Kamar ka ga inda ruwan tabki ya tsaya a bango.

Labarin da kowa ya haddace shi ne wai Nirvana, wata ƙungiya ta masu tsumma, ita ce ta kashe masu gashin dare ɗaya. Ranar 24 ga Satumba 1991 faifansu Nevermind ya fito, kamfanin ma bai sa rai sosai ba, kwafi 46,251 kawai ya fara turawa shagunan Amurka, sai ga shi ranar 11 ga Janairu 1992 ya ture Michael Jackson daga na ɗaya. Wannan gaskiya ne ya faru. Mu a lokacin kunnenmu na kan rediyo ana ta Konferans Nasiyonal a Yamai, ɗan garinmu André Salifou na shugabantar zaman, wa ya san da wani yaro mai yagaggen wando a can ƙarshen duniya. Amma ni da na zauna na ji kaset ɗin nan a jere cikin sati biyu, ban yarda da maganar kisan dare ɗaya ba. Iska ce ta tarar da kaba na rawa.

Ka ɗauki na 1989 da 1990 guda goma ka sa a jere ka rufe ido, wallahi ba za ka gane inda wannan ƙungiya ta ƙare wata ta fara ba. Murya ɗaya mai tsini, ganga ɗaya mai amsa kuwwa kamar a cikin rumbun da ba hatsi, kuma tsarin ɗaya: a fara da waƙa mai zafi, a biyo da ta soyayya mai sanyi wadda mai gashi zai zauna ya yi kalar tausayi, ita ce ta kasuwa. Irin abin da muke yi ne a nan, mutum ɗaya ya buɗe wurin cajin waya ya samu ciniki, kafin wata ya ƙare goma sun jeru a layin, kowa ya koma korar ƙuda. Kamfanoni sun yi ta ɗaukar duk wanda ya tara gashi har abin ya gundire mutane. Ga tattalin arzikin Amurka ya ja baya a 1990 da 1991, ga yaƙin Gulf, saurayi ya gama lakwal ba aiki, ka zo kana masa waƙar doguwar mota da tafkin wanka.

Sannan tun kafin Nirvana an fara yi musu ɓaraka daga cikin gida. Guns N' Roses 'yan titin nan ne su ma, amma tun 1987 suka zo da kaushi da faɗa, ba kwalliya sosai. Metallica ta fitar da baƙin faifanta a Agustan 1991, yaran da ke son nauyi suka bi can. Kuma a watan Mayun shekarar Billboard ta canza yadda take ƙidaya, ta koma bin na'urar da ke karanta abin da aka saya a kanti maimakon ta tambayi masu shago baki da baki, nan take aka ga ashe rap da kiɗan kaboyi suna ciniki fiye da yadda ake zato. Wato asirin kasuwa ya tonu ta ko'ina. Kuma ba su mutu nan take ba, Skid Row ta hau na ɗaya a Yunin 1991, Def Leppard ta sake hawa a 1992 bayan Nirvana. Bon Jovi ya rage gashi ya ci gaba da cin kasuwarsa. Ƙananan ne da masu kwaikwayo suka sha kashi. Warrant ta sayar da miliyan 2 a 1990, na 1992 ya tsaya wajen 500,000, mawaƙinsu Jani Lane da bakinsa ya ba da labarin ranar da ya shiga ofishin kamfaninsu ya ga an cire hotonsu daga bango an liƙa na Alice in Chains, masu tsumma. Mötley Crüe suka rabu da mawaƙinsu a 1992, suka fito da sabon salo mai duhu a 1994, tsofaffin masoya ba su so ba sababbi ba su zo ba.

Masu tsumman su kuma 'yan Siyatil ne da kewaye, jihar Washinton, arewa maso yammacin Amurka, ƙasar ruwan sama da sanyi da masu saran katako. Rigar nan mai gida-gida da aka san su da ita ba ado ba ne, rigar leburori ce mai arha da ake samu a gwanjo, irin wadda za ka tsinta a tulin 'yan gwanjonmu lokacin hunturu. Wani ƙaramin kamfani Sub Pop ne ya fara buga su, faifan Nirvana na farko na 1989 dalar Amurka 606 aka kashe wurin ɗaukarsa, kuɗin da bai isa man gashin wata ƙungiyar a yawon wasa ɗaya ba. Abin dariya, kafin 1992 ta ƙare wani mai zanen kaya Marc Jacobs ya ɗinka irin tsumman nan da yadi mai tsada ya kai dandalin nuna kaya a Niyok, har aikinsa ya rasa a kai. Kasuwa ba ta da kunya.

Inda rabon Baba ya samu matsala kuwa shi ne ya fi koya min abu. Na tarar da Soundgarden a kwalin gashi. Na ce Baba wannan na can ne. Ya ce "Mushe ba ka ga gashin ba? Har gadon baya." Kuma da gaskiyarsa, mawaƙinsu Chris Cornell gashi gare shi kamar na kowa, 'yan Pearl Jam ma haka. Kuma in ka bi salsala, biyu daga cikin 'yan Pearl Jam daga Mother Love Bone suka fito, wadda mawaƙinta Andrew Wood mai son kwalliya da ƙyale-ƙyale ne, ƙwaya ta kashe shi a 1990. Layne Staley na Alice in Chains shi ma da taje gashi da fesa masa mai ya fara. Ashe 'yan gida ɗaya ne, wasu suka wanke fuska kawai. Guns N' Roses kuwa Baba ya rasa inda zai sa su, ya ɗora su kan wani mataccen telebijin su kaɗai.

To mu zo kan ciniki da aiki, tun da shi ne abin da mai zuwa zai so ya sani. Kaset ɗaya dala 50 yake sayarwa, in ka ɗebi da yawa zai rage, ni guda 30 na ɗauka jika 6. Amma da yake ba kowa ke da abin sa kaset ba yanzu, akwai jikansa mai tsohuwar kwamfuta a lungun shagon, shi ke juye su a memori, dala 40 kowane kaset. Suna haɗa waya daga rediyo mai kaset zuwa kwamfutar, kaset ya yi ta juyawa har ya ƙare, ba gaggawa, in na minti 60 ne to minti 60 za a jira. Kafin a sa kowanne Baba zai goge kan rediyon da auduga da alkol, ya zura bik a ramin kaset ya juya shi gaba da baya don zaren ya saki, in ya tsinke ya haɗa shi da ɗan siririn salatif da ya yanka da reza, hannunsa ko rawa ba ya yi duk da shekarunsa. Akwai wanda ɗan audugar nan na ƙarƙashin zare ya faɗi, ya ciro daga wani kaset na wa'azi da ya mutu ya liƙa masa. Wannan ɓangaren ba ni da abin cewa sai yabo, aikin mai son abu ne.

Inda suka ba ni haushi: an ce min Alhamis, ranar kasuwa, na zo ba a gama ba, wai kuran ya ɗauke. Na dawo Asabar, wai yaron ya tafi Mirriya biki. Sai Talata na karɓa. Na sa a waya, duk waƙoƙin ba suna, Track 01 Track 02 har ƙasa, wani wurin ma fuskar kaset guda ce dunƙule ba a yanka ba, sai ka yi ta jan yatsa kana neman inda waƙa ta fara. Guda biyar kuma gudunsu ya yi ƙasa don robar da ke juya injin ta saki, muryar mawaƙin Poison ta koma kamar ta mai sanarwar rasuwa. Na mayar, Baba bai yi musu ba, ya canza robar ya sa aka sake ba ko dala, amma da ban san waƙoƙin ba da haka zan tafi da su ina zaton haka Turawan suka rera. Akwai kuma wanda aka rubuta Ratt a bango, na sa, sai ga Ɗan Maraya yana kaɗa kuntigi, wani ya riga ya danne na asalin tun tuni. Wannan ban mayar ba.

Sauti fa sai haƙuri. Kaset ɗin nan sun sha zafin Afrilu da Mayu na Damagaram shekara da shekaru ƙarƙashin kwano, sun sha ƙurar hunturu. Kuma nan na lura da wani abu da ban taɓa tunani ba. Zafi da tsufa saman sauti suke fara ci, wato ƙarar nan mai ƙyalli, tsinin murya da kukan gita da tas-tas ɗin faranti. To masu gashi duk dukiyarsu a saman take, da ya dushe sai ka ji su kamar amarya ta kwana da kwalliya ruwa ya dake ta. Masu tsumma kuwa da ma can a ƙasa suke, gita an sassauta mata waya tana gurnani, murya a shaƙe, a yi shiru-shiru sannan a fashe da ihu, ƙura ba ta rage musu komai ba, in ma ba ƙara musu ta yi ba. Na Alice in Chains na 1992 yadda ya fito daga kwalin nan ya fi min daɗi a kan tsaftataccen da ke intanet. Saboda haka in kuɗinka kaɗan ne, shawarata ka zuba su a kwalin tsumma, na gashi ka sa a gwada maka tukuna, musamman na kafin 1987.

Wani zai ce me ya sa za ka wahala, ba ga su nan a YouTube ba. Haka ne, amma ka san kuɗin data da yadda rezo yake yi mana, kuma mu nan da ma ta memori da Bluetooth kiɗa ke yawo, gitar Abzinawa ma ta haka ta karaɗe ƙasar nan kafin Turawa su san da ita. Sannan intanet ba zai ba ka rubutun hannun wata yarinya da ta zauna a ƙauyen Matamaye ko Magarya shekara biyu ba, ta ja layi ƙarƙashin waƙa ɗaya har sau uku.

Ranar da na je karɓar gyaran na ce a sa Nevermind mu ji a sifikar shagon. Bangon kaset ɗin Baba ya riga ya liƙe rabinsa da baƙin salatif saboda jaririn da ke ninƙaya ba wando. Ya zuba min shayi na biyu, ya zauna yana saurare da kai a karkace yadda yake yi in yana neman ciwon rediyo. Da aka kai inda Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, ke kurma ihu sai ya ce "wannan yaron cikinsa ke ciwo?" Na ajiye kofin. Na ce Baba wallahi ciwon ciki ya yi ta fama da shi shekaru, shi da kansa ya sha faɗa. Ya ce ai ana ji. Ya tambaya ko ya warke, na ce ya rasu a Afrilun 1994, yana da shekara 27, watanni kaɗan bayan an karya darajar sefa, shi ya kashe kansa. Baba ya yi salati a hankali, ya ce "masu jan bakin fa?" Na ce da yawansu suna nan da ransu, sun tsufa, har yanzu suna cika filin ƙwallo suna rera na da. Ya girgiza kai ya miƙa hannu ya rage ƙarar don an fara kiran la'asar.

In za ka je, ka tafi da memorinka, nasu na jabu ne, an rubuta giga 32 amma ko 4 ba ya ɗauka. Ka rubuta sunayen kaset ɗin a takarda ka ba yaron, ka tsaya a kansa ya sa suna. Kada ka je Juma'a bayan hantsi, a rufe yake. Saura kamar guda 40 a kwalayen biyu, mafi yawa na gashi ne. Akwai Pearl Jam ɗaya na 1993 da na ba da dala 20 kafin alƙalami, yana cikin aljihun teburin Baba an ɗaure shi da roba, wannan nawa ne.